Na Je Wankan Jego, Na Ɓuge da Zaɓen Bindiga

Tun da na dawo ƙafa ba ta ɗauke daga gidan nan ba. Mace za ta shigo sayen turaren wuta ɗan kaɗan, ta zauna har la'asar. Tambayar kowa ɗaya ce: Hajja Bintu, yaya ƙasar, yaya jaririyar, kuma wai da gaske ne an gan ki a shagon bindiga? Bakina ya gaji da maimaici, shi ya sa na ce bari in ɗauko shi daga tushe, wadda ta ji ta gaya wa wadda ba ta ji ba.

Kun san 'yata Yagana, wadda aka kai gidan Likita Bukar. Shekara guda da bikin ya samu aiki a asibitin wani ƙaramin garin manoma a Afirka ta Kudu, suka tafi. Da haihuwar fari ta zo, mahaifiyarsa ta riga mu gidan gaskiya, don haka ba wanda zai je sai ni. Na ɗaure kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, kanwa, yajin jego, bandar kifi, humra, da turaren wuta kala-kala. Maigidana Alhaji ya tsaya a kaina yana kallon jakunkuna.

"Can ɗin yunwa ake yi ne?"

Na ce masa ba a yi ba tukuna, amma ba zan jira a fara ba.

Lokacin an rufe filin jirginmu na Maiduguri, sai dai mota zuwa Kano. Ana ɗage dokar hana fita da safe na hau keke daga unguwarmu Moduganari zuwa tasha. Direbanmu wani dattijo ne, Baba Kyari, wanda kafin ya tayar da mota sai da ya juyo ya ce duk mai jin fitsari ya yi yanzu, don shi daga nan zuwa Damaturu ko taya ce ta fashe a kan ƙarfe zai tafi. Shingen sojoji kuwa ba sai na gaya muku ba. A sauko, a ɗaga hannu, a taka da ƙafa, a jira mota a gaba. A wani shinge wani soja ya zaro kwalbar humra daga jakata, ya riƙe ta nesa da jikinsa, ya tambayi mene ne wannan baƙin ruwan. Na ce ya buɗe. Ya ce ni in buɗe. Da ƙamshin ya buge shi sai fuskarsa ta saki, ya ce rabonsa da matarsa tun kafin azumi. Na tsiyaya masa a wata 'yar roba, na ce ya ajiye mata. Ya ce, "Mama, ki sauka lafiya," kamar ba shi ne ya gama yi mana tsawa ba.

Daga nan har muka wuce ƙauyukan da aka ƙone ba wanda ya yi magana a motar, sai ƙarar carbi. Sai da muka shiga Potiskum mutane suka tuna suna da baki da ciki, aka fara cinikin tsire da gardamar siyasa.

Daga Kano jirgi ya kai ni Legas, na sauka Agege gidan ɗan wan Alhaji. Sun karɓe ni hannu bibbiyu, sai dai maƙwabta suna jin an ce baƙuwar daga Maiduguri take, idonsu ya koma kan jakunkunana. Ban ga laifinsu ba. Ni ma da warin daddawar nan ya fara fita, na soma zargin jakar.

A babban jirgi Allah ya haɗa ni da abokiyar zama, wata Inyamura mai jiki, Madam Ngozi. Ko ɗamarar kujera ban gama ɗaurewa ba ta shaƙi iska ta ce da Hausa garau, "Mama, ke 'yar Maiduguri ce." Ashe a Hausari aka haife ta, shagon kayan ɗinki ne da ita har rikici ya kore su. Yanzu gashin kanti take kaiwa Johannesburg. Ta yi ta tambayata: itatuwan darbejiya na nan a bakin titi? Mai ƙosan nan ta kusa da masallaci tana raye? Wasu na sani, wasu na ce Allah ya jiƙansu. Ta share ido da bargon jirgi, sannan ta cinye abincinta ta cinye nawa, don ni na kasa gane kan wata shinkafa da aka kawo a kwano kamar na wasan yara.

Ranar Madam Ngozi ta zo ne a wurin masu binciken kaya. Muna tsaye sai ga wata ma'aikaciya da kare a igiya. Karen ya wuce kowa, ya zo gaban jakata ya zauna kamar an gayyace shi. Ina ta janye zanina kada ya taɓa ni, su kuma suna ganin rashin gaskiya ne. Aka kai mu tebur. Kifi dai ba a yi wata magana ba, aka jefa shi a kwandon shara ina kallo. Da jami'in ya kwance ƙullin daddawa sai ya ja da baya, ya kira abokin aikinsa, shi ma ya ja da baya. Ita ma ta bi kifi. Kanwa ce ta kusa ja mini kwana a wurin, don sun ga farin dutse a leda sun fara kiran waya. Madam Ngozi ta ɓantari kaɗan ta lasa a gabansu, ta yi ta zuba Turanci tana nuna cikinta tana nuna ni. Da muka fito na tambaye ta me ta ce musu.

"Cewa na yi ke babbar likitar mata ce a ƙasarmu."

Bukar na jira a waje. Yana hango ni ya durƙusa har ƙasa a tsakiyar mutane yana gaishe ni da Barbarci, "Wushe, Hajja, wushe," Turawa suna kewaye shi da akwatunansu suna waiwaye. Wata ma ta tsaya ta tambaye shi ko wani abu ya ɓace masa.

Na bar gida ana ruwan damina da zufa, na tarar da sanyin da ke shiga ƙashi. Wai su a lokacin ne suke hunturu. Muka yi ta tafiya a mota cikin fili, shanu ko'ina a bayan waya, manya-manya, ba makiyayi ko ɗaya. Duk inda Bukar ya rage gudu sai in laluba katin shaidata in gyara mayafi don sauka. Har muka isa ba wanda ya tsayar da mu. Abin ya dame ni, na ce a raina wannan ƙasa ba ta da tsaro.

Jaririyar, tubarkalla, an sa mata sunana, suna kiranta Ummi. Yagana ta yi ƙiba ta yi haske. Washegari na kama aiki. Ba darbejiya, ba murhu, ba tukunyar wanka, sai butar lantarki da nake ta dafawa ina juyewa a baho. Abincinsu akwai wani tuwon masara, shi kam tuwo ne sosai, amma miyar ba ta da yauƙi ba ta da daddawa. Suna da kilishi wanda aka manta ba a sa masa yaji da ƙuli ba. Ranar hutu kuma maza ne ke gasa nama a tsakar gida, mata na zaune da kofin shayi. Wannan al'ada ita kaɗai na so in ɗauko in kawo muku.

A kwana na biyu na turara ɗakin mai jego yadda ya kamata, hayaƙi na fita ta taga. Sai ga wata tsohuwar Baturiya ta faɗo gidan da jar tukunyar kashe gobara a hannu. Da ƙyar Yagana ta tare ta kafin ta fesa wa kaskona. Maƙwabciyarsu ce, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, mijinta ya mutu. Na ji suna ce mata Tani, na ce ashe su ma suna sa wa haihuwar Litinin suna. Yagana ta yi dariya har ɗinkinta ya motsa, ta ce a yarensu haka ake ce wa goggo. Ni dai Tani na riƙe. Kafin mako ya zagayo tana zuwa da gyalenta in turara mata.

To, ga inda maganar take. Ina share falo na ga wani abu kamar na sauraron waƙa, irin wanda ake kifawa a kunnuwa, da wata takarda mai zane-zanen da'ira duk ta sha huji a tsakiya. Sannan kullum bayan cin abinci sai miji da mata su sa kwamfuta a gaba suna gardama da Turanci. Rannan na leƙa ta bayansu. Hotunan bindigogi ne, jere.

Ku kun san abin da bindiga ta yi mana. Modu, wan Yagana, rufe shago ya fita aka fara harbi a bakin titi, kuma har yau ba mu san harsashin wane ne ya same shi ba. A garinmu namiji da bindiga ko soja ne ko wanda soja ke nema. Amma suruki suruki ne, ba zan iya tsare shi da magana ba. Na bari sai da nake gasa wa Yagana jiki da yamma, na ce, "Ki gaya wa mijinki, idan asibitin ya ishe shi ya dawo gida. Ban aurar da ke ga mai bindiga ba."

Ta juyo ta dube ni, ruwa na sauka a bayanta.

"Hajja, ba shi ba ne. Ni ce."

Tawul ɗin ya faɗi cikin baho. Ta ce in zauna, na zauna a bakin bahon.

Ta ce shekararta ta farko a ƙasar ba ta san barci ba. Ƙofa ta buga, ta tsinci kanta a ƙarƙashin gado. Ranar sabuwar shekararsu da aka yi wasan wuta, a banɗaki Bukar ya same ta ta toshe kunnuwa tana kiran sunan Modu. Ya kai ta wurin likitoci 'yan'uwansa, an yi magana an ba da magani, ya ɗan taimaka. Tani ce wata rana ta ce ta raka ta filin da suke harbin farantin ƙarfe da bindiga, ta zauna a mota kawai, in ta ji ba za ta iya ba su juyo. Sun juyo sau da yawa. Daga baya ta fito daga motar. Daga baya ta kwanta ta riƙe bindigar Tani.

"Hajja, a gida ƙarar ce take zuwa ta same mu, ba mu san daga ina ba, ba mu san yaushe ba. A can sai na ga dama take tashi. Ni nake cewa yanzu."

Ta ce kafin cikin ya tsufa har gasa ta shiga ta mata, ta zo ta uku. Yanzu ƙungiyarsu ta shaide ta, tana so ta sayi tata ta daina aro.

Kwana da kwanaki ina wanka ina dama kunun kanwa, ba na tayar da maganar, su ma sun rufe kwamfutar. Ina so in ce ban yarda ba, kuma na san in na faɗa za ta bari, don Yagana ba ta taɓa tsallake maganata ba. Abin da ya hana ni shi ne ina ganin yadda take kwanciya da rana tare da jaririyar, iska ta buga ƙofa, ko motsi ba ta yi. A Moduganari rabon da in ga haka tun Modu na da rai.

Da aka yi arba'in na ce, "Wannan shagon naku, ku kai ni in gani da idona."

Shagon a wata gona yake bayan gari, da filin gwaji a bayansa. Mai shi wani ƙaton Bature ne da gajeren wando a cikin wannan sanyi, ƙafafu jajur. Muka shiga mu huɗu da jaririya: ni, Yagana, Bukar, da Tani. Ya shimfiɗa bargo a kan tebur ya jera guda uku, kamar masu kawo lefe.

Yagana tana fassara mini. Ashe tun a nan akwai saɓani. Ita Tani irin tata take so a saya, mai wani ƙarfe kamar sakata da ake ja da hannu bayan kowane harbi, wai ta fi gaskiya a nesa. Yagana kuma mai ɗura wa kanta take so: kowane jan kunama harsashi ɗaya ne, amma ba sai ka ɗaga kai ka ja komai ba, idonka na cikin madubin hangen nesa da ke kanta, in iska ta kwanta ka sake kafin ta tashi. A irin gasar da take so ana ƙidaya lokaci. Suka yi ta yi, mai shago na sa baki da maganar tsawon baki da nauyi da yadda kowace ke dukan kafaɗa. Bukar ya nuna wadda ta fi sheƙi ya ce ita ce. Tani ta dube shi ta faɗi wata magana, kowa ya yi dariya. Wai sau ɗaya ya taɓa gwadawa, ya samu farantin mutumin da ke gefensa.

Ni ba na jin su sosai, don idona na kan ta ukun. Baƙa ce, da gidan harsashi mai lanƙwasa a ƙasanta. Mai shago ya ce ba irin waccan ba ce da nake tunani, kama ce kawai. Amma ni na ga mai kama da ita a kafaɗar yaran da suka shigo layinmu, na kuma gan ta a kowane shinge daga gida har Damaturu.

Na ce, "Ban da wannan."

Yagana ta dube ni. Ta gane cewa wanda ya ce ban da wannan ya yarda da sauran. Mai shago ya tambayi me tsohuwa ta ce. Ta gaya masa a taƙaice, na ji sunan garinmu na ji sunan Modu. Mutumin ya cire hularsa, ya ɗauki bindigar ya kai ta ɗakin ciki, ya rufo ƙofa. Bai sake maganarta ba.

Saura biyu, duk masu ɗura wa kansu, mai nauyi da marar nauyi, aka ce sai an gwada. Aka bar Bukar a ofis da jaririya da jakar madara, ya zauna kamar wanda ya saba. Tani ta kifa mini abin toshe kunne a kan ɗankwali, ta zaunar da ni a kujera, ta saita mini wani madubin hangen nesa mai ƙafa uku. Da ido ban ga komai ba sai ciyawa da tudu. A cikin madubin sai ga farin faranti a rataye, bai fi murfin tukunya ba.

Yagana ta kwanta rub da ciki a kan tabarma, da hijabinta, ta kafa gindin marar nauyin a kafaɗa. Ta daɗe ba ta yi komai ba. Tana kallon wasu ƙyallaye da aka ɗaura a sanduna don a ga iska. Har na fara tunanin ta fasa, sai ƙarar ta tashi.

Ba zan ɓoye muku ba, saura kaɗan in zube ƙasa in kwanta yadda muka saba a gida. Tani ta riƙe hannuna gam. Can bayan ɗan lokaci sai wata 'yar ƙara ta dawo daga nesa, siririya, kamar an buga cokali a kwano. Tani ta ɗaga mini yatsa. Aka sake, aka sake. Wani ya samu, wani ya tayar da ƙura a gefe. Aka kawo mai nauyin, ita ma haka.

Na bar madubin, don faranti ba 'yata ba ne. Fuskarta na koma kallo. Da marar nauyin, kafin ta ja sai ta ɗan runtse ido, tana jiran dukan kafaɗa. Da mai nauyin fuskarta ba ta canzawa, kamar tana zare tsakuwa a shinkafa. Da suka tashi suna shawara, Yagana na cewa marar nauyin ta fi sauƙin ɗauka, na ce, "Ki ɗauki mai nauyin. Waccan tsoronta kike ji. In nauyi ne, ga mijinki, ya ɗaukar miki." Da aka fassara wa Tani ta ce ita ma abin da ta gani ke nan, tana jira ne yarinyar ta faɗa da bakinta. Amma har muka shiga mota tana gunaguni cewa mai sakata ta fi.

Na ɗauka za a naɗe mana ita mu tafi da ita. Ashe a shagon za ta zauna wata da watanni, sai 'yan sanda sun bincika, sun zo gida sun ga akwatin ƙarfen da za a kulle ta, sannan su ba da izini. Har na baro ƙasar ba ta shigo gidan ba, kuma ban yi baƙin cikin haka ba.

Dawowa ba wani labari, sai dai jakata ta yi sauƙi, kuma kare bai kula ni ba. Abin da na yi ta juyawa tun daga Potiskum shi ne yadda zan gaya wa Alhaji, mutumin da tun rasuwar Modu ko labarai aka nuno bindiga sai ya tashi ya bar ɗakin. Na bari ya ci abinci, ya ga hotunan Ummi, sannan na faɗa masa duka, ban rage komai ba.

Na shirya wa faɗa, sai ya ce:

"Daga nesa kamar ina?"

Na ce kamar daga ƙofar gidan nan zuwa bakin babban titi, ko ya fi.

"Kuma tana samu?"

"Tana samu."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa, ko da yake ni ban ga dattin da ke jiki ba. Sannan ya ce in kira masa su. Na ɗauka da 'yarsa zai yi magana, sai ya ce a ba shi Bukar. Suka gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi sanyi. Daga nan ya gyara murya.

"Bukar, Hajja ta ba ni labari. Allah ya yi maka albarka da ka riƙe mini ita." Ya ɗan tsaya. "Kuma shawara nake ba ka a matsayin uba: duk abin da ta ce a gidan nan, ka ce to."